Aikin Akawu Ya Shigo Cikin Gida: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Sa Hannu

 

Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ta cika wayoyinmu. Da wuya a sami wadda take cikin zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin 'yan aji, ko mai leƙa Facebook, wadda ba ta taɓa cin karo da tallar nan ba mai cewa, zo ki koyi aiki, ki zauna a ɗakinki ki riƙa karɓar Dala. Sau da yawa za ki ga an rubuta haruffa biyu, VA, watau taƙaitaccen sunan aikin ke nan da Turanci. Ma'anarsa da Hausa ita ce mataimakiya daga nesa. Mata da dama sun tare ni a makarantar da nake koyarwa, waɗansu uwayen yara, waɗansu abokan aiki, tambayarsu duk ɗaya ce: Malama, wannan abu gaskiya ne ko kuwa wata sabuwar damfara ce?

Amsar da nake ba su ita ce, aikin gaskiya ne, akwai mata masu cin abinci da shi. Amma fa sana'a ce kamar ɗinki ko saƙa. Sai an koya, sai an zuba jari, sai an yi haƙuri kafin a ga riba. Wadda ta shige shi da tunanin tsintuwa, ita ce abincin 'yan damfara. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki, domin kowa ta auna ta gani ko rigar ta yi mata daidai.

MENE NE AIKIN?

A da, duk ofishin da kika shiga, na gwamnati ko na kamfani, za ki tarar da akawu ko sakatariya zaune a bakin ƙofar shugaba, ga tafireta a gabanta, ga tarho a gefe. Ita ke buga wasiƙu, ita ke ajiye fayil, ita ke rubuta wanda zai ga shugaba da lokacin da zai gan shi, ita ke shirya masa tafiya. Uwayenmu da suka yi makarantun koyon kasuwanci sun san wahalar jarrabawar RSA da ta Pitman, ta buga tafireta da gajeren rubutu. To, wannan aiki bai mutu ba. Tafireta ce ta koma kwamfuta, wasiƙar gidan waya ta koma imel, kabad ɗin fayil kuma ya koma cikin intanet. Da yake kayan aikin duk sun shiga intanet, sai ya zamana ba lalle ne sakatariya ta zauna a bakin ƙofar mai aikin ba. Tana iya zama a Zariya, shi yana Landan, aiki na tafiya.

Masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata yawancinsu masu ƙananan harkoki ne, kamar likita mai ɗan asibitinsa, ko lauya, ko dillalin gidaje, ko mai sayar da kaya ta intanet. Aikin takardu ya yi musu yawa, amma ba su da ƙarfin ɗaukar sakatariya su ba ta ofis da cikakken albashi. Sai su nemi wadda za ta yi musu sa'a biyu ko uku a rana. Za ta karanta imel ɗinsu ta ware mai muhimmanci, ta amsa wa masu ciniki, ta tsara ranakun ganawa, ta shigar da lissafin saye da sayarwa cikin jadawali, ta nemo musu farashin jirgi da masauki, wani lokaci kuma ta kula musu da shafinsu na Instagram ko Facebook. Wannan shi ne aikin, ba wani sihiri a ciki.

ME YA SA YA YI TASHE YANZU?

Abin ya daɗe a ƙasashen waje. A 2007 wani Ba'amurke mai suna Tim Ferriss ya wallafa littafin da ya yi farin jini ƙwarai, inda ya shawarci 'yan kasuwa su riƙa miƙa ƙananan ayyukansu ga mataimaka a ƙasashe irin su Indiya. Dalilin kuwa lissafi ne. Mafi ƙarancin ladan da dokar tarayyar Amurka ta yarda a biya ma'aikaci shi ne Dala 7.25 a sa'a, tun daga 2009, kuma sakatariya a can tana karɓar fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan mai harka ya sami wadda za ta yi masa aikin da kyau a wata ƙasa a kan rabin wannan, ya ci riba, ita ma ta ci riba.

Ƙasar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Filifin. Ta kasance a hannun Amurka daga 1898 har ta sami 'yancin kai a 1946, Turanci yana cikin harsunanta biyu na hukuma, kuma a 2023 fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ne suke yi wa kamfanonin waje aikin ofis da amsa waya daga can. Ki riƙe wannan a ranki, domin da su za ki yi takara.

Mu nan abu biyu ne suka kawo mana shi bakin ƙofa. Na farko annobar korona. Kun tuna yadda aka kulle Kano a watan Afrilu na 2020, haka aka kulle manyan biranen duniya. Ofisoshi suka rufe, mutane suka koma aiki daga gida, masu harka suka gane ashe ba sai sun ga ma'aikaci da ido ba. Na biyu faɗuwar darajar Naira. A farkon 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni Babban Banki ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Ba sai na gaya wa uwargida abin da wannan ya yi wa kuɗin cefane ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne a wata, wanda a wancan farashi bai kai Dala 50 ba. Shi ya sa da an ambaci Dala sai kunnen kowa ya tashi.

MU YI LISSAFI

Bari mu yi lissafi irin na aji, misali ne kawai. A ce kin sami mai aiki da zai biya ki Dala 4 a sa'a, kina yi masa sa'a 15 a mako. Dala 60 ke nan a mako, Dala 240 a wata. A ce dandalin da ya haɗa ku ya cire kashi 10 cikin ɗari, saura Dala 216. Idan aka canza a kan Naira 1,500, kin tashi da Naira 324,000. Kuɗi ne masu auki, babu musu. Amma daga ciki za ki cire kuɗin data, da man janareta ko gyaran sola, da abin da ake yanka wajen turo kuɗin da canza su, da abin da za ki riƙa ajiyewa don ranar da kwamfuta ta lalace. Sa'an nan a watan da ba ki da mai aiki, lissafin sifiri ne, alhali data da wuta suna nan suna ci. Masu talla sukan nuna miki lissafin farko, su ɓoye na biyun.

ABIN DA MASU TALLA BA SA FAƊA

Na ɗaya, takara. Manyan kasuwannin wannan aiki su ne irin su Upwork, wanda ya samu daga haɗewar kamfanoni biyu ya ɗauki wannan suna a 2015, da Fiverr wanda aka kafa a Isra'ila a 2010. Idan mai aiki ya sa talla a can, mutane daga Filifin da Indiya da Pakistan da Kenya da Legas duk za su nema, waɗansunsu sun yi shekaru suna yi, ga shaidar yabo daga waɗanda suka yi wa aiki. Sabuwar shiga ba ta da ko ɗaya. Mafi ƙarancin ladan sa'a da Upwork ya yarda da shi Dala 3 ne, kuma akwai masu karɓar hakan. Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na abin da kika samu, Upwork kuma tun 2025 yana cire abin da zai iya kaiwa kashi 15, gwargwadon irin aikin. Saboda haka kada ki yi mamaki idan kika aika takardun nema da yawa shiru. Haka farkon yake ga kusan kowa.

Na biyu, agogo. Wannan ya fi shafar matan aure. Birnin Niyok na Amurka yana bayanmu da sa'a biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma sa'a shida. Watau idan mai aikinki ya buɗe ofis ƙarfe tara na safe, mu nan ƙarfe biyu ko uku na rana ne, lokacin da yara suka dawo daga makaranta. Idan ya tashi ƙarfe biyar na yamma, mu nan goma ko sha ɗaya na dare ne. La'asar da magariba da girkin dare da hirar maigida duk suna cikin lokacin aikinsa. Ingila ta fi sauƙi, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya ne da na Landan, sauran watanni muna gabansu da sa'a ɗaya kawai. Saudiyya tana gabanmu da sa'a biyu, Dubai da sa'a uku. Kafin ki ce kin karɓi aiki, ki fara tambayar ƙarfe nawa ake bukatarki, ko kuwa aiki ne da za ki yi a lokacin da ya yi miki ki miƙa.

Na uku, wuta da data. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Baturen da ke jiran aikinsa zai yi miki uzuri sau ɗaya, watakila sau biyu. A na uku sai ya nemi wata. Wadda ba ta da wata hanyar cajin kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma ba ta da layi na biyu in na farko ya ƙi, ba ta shirya ba tukuna.

Na huɗu, na'ura ma ta shigo takarar. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya rubuta wasiƙa, su taƙaita dogon bayani, su mai da magana rubutu cikin ɗan lokaci. Ayyukan da sabuwar shiga ta saba farawa da su, irin su kwafe rubutu daga nan zuwa can, su ne na'ura ta fi saurin cinyewa. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne hankali da amana: sanin wace wasiƙa ce ba ta jira, da yadda za a lallashi mai ciniki da ya fusata, da gano kuskuren da na'urar ta yi, domin tana yi. Wadda ta iya sarrafa waɗannan manhajoji kuma ta iya duba aikinsu, darajarta ƙaruwa take yi.

Na biyar, babu fansho, babu hutun haihuwa, babu hutun rashin lafiya. Ke ba ma'aikaciyar kamfaninsa ba ce, 'yar kwangila ce, yana iya sallamarki da saƙo guda. Saboda haka wadda take da aikin albashi, ko malama ce ko ma'aikaciyar jinya, kada ta yi gaggawar ajiye shi don ta ga hadari ya haɗo.

HATTARA DA 'YAN DAMFARA

Wata maƙwabciyata ta zo mini da hawaye. An turo mata saƙo cewa an ɗauke ta aiki, aikin da ba ta nema ba. Aka ce ta danna alamar so a kan waɗansu hotunan bidiyo, aka turo mata 'yan kuɗi kaɗan a ranar, ta ga gaskiya. Kashegari aka ce idan tana son babban aiki sai ta sa kuɗin ajiya, za a mayar mata da riba. Ta ɗauki kuɗin adashinta ta tura. Aka ce ta ƙara kafin a saki na farkon. Ta ranto ta ƙara. Daga nan lambar ta daina shiga. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. 'Yan kuɗin farkon nan tsaba ce aka watsa wa kaza.

Mun ga irin wannan a MMM da ya rufe da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, mun sake gani a CBEX a watan Afrilu na 2025. Riga kawai suke canzawa. Ki riƙe wannan doka: mai aiki shi ke biyan ma'aikaci. Duk wanda ya ce ya ɗauke ki aiki sa'an nan ya nemi kuɗin rajista, ko na kayan aiki, ko na buɗe asusu, ki rufe wayarki. Kada wannan ya rikice miki da ɗan kuɗin da Upwork yake karɓa kafin a aika takardar neman aiki. Wannan kamar kuɗin shiga kasuwa ne, a bayyane yake ga kowa, dandalin ake biya, ba mai aikin ba.

Akwai wadda ta fi wannan muni, wadda ba kuɗinki kawai za ta ci ba, har mutuncinki. Wani zai ce aikinki shi ne a turo kuɗi asusunki na banki ki cire ladanki ki tura saura wani wuri. Kuɗin sata ne ake wankewa da sunanki, kuma ranar da asiri ya tonu lambar BVN ɗinki ce a jiki. Wani kuma zai ce ki riƙa hira da mutane da sunan da ba naki ba. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas, ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce ana ɗaukar matasan Nijeriya da suka iya kwamfuta, a ba su na'ura, a koya musu yin shigar matan ƙasashen waje su yaudari mutane su zuba kuɗi a harkar ƙarya. Duk aikin da aka ce ki ɓoye sunanki, ko kada ki gaya wa kowa, ba aiki ba ne. Kada kuma ki ba kowa lambar sirrin da banki ya turo miki, ko ki ara wa wani asusunki na dandali ya yi aiki da sunanki.

Su ma masu sayar da kwas sai an tantance. Akwai na kirki masu koyar da abu mai amfani. Amma ki lura, waɗansu ba su taɓa yi wa kowa aikin ba, sana'arsu ita ce sayar da kwas ɗin. Alamarsu ita ce alkawarin za ki fara samun Dala cikin mako biyu, da hotunan kuɗi, da cewa yau ne ranar ƙarshe ta rangwame. Satifiket ɗinsu kuwa mai aiki ba zai tambaye shi ba. Abin da zai ce shi ne, nuna mini abin da kika iya.

TO, TA INA ZA A FARA?

Da farko ki gyara Turancinki na rubutu. Wannan shi ne jarin gaske. Ba a neman Turancin burga, ana neman gajeren saƙo mai ladabi, mai ma'ana, marar kuskure. Ki riƙa karanta wani abu kullum, ki rubuta wasiƙa ɗaya a rana ki ba wanda ya fi ki ya duba.

Na biyu, ki koyi buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba. Ki sa wa kanki burin kalma 40 a minti ɗaya. Rabin sa'a kullum na 'yan watanni ya isa. Da waya za ki iya fara koyo da amsa saƙonni, amma aikin jadawali da takardu sai da kwamfutar cinya. Ta hannu mai lafiya ta wadatar, ba sai sabuwa ba.

Na uku, ki san kayan aikin. Gmail don wasiƙu, Google Calendar don tsara ranaku, Google Docs ko Word don rubutu, Google Sheets ko Excel don lissafi, Zoom don ganawa, Canva don haɗa hoton talla. Yawancinsu ana fara amfani da su kyauta, darussansu kuma suna nan birjik a YouTube. Wata ƙungiya mai suna ALX ta koyar da wannan aiki a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya. Gwamnatin Tarayya kuma a 2023 ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin kwamfuta. Ki fara cin moriyar na kyauta kafin ki kwance bakin zanenki.

Na huɗu, kuma wannan ita ce shawarar da na fi so ki ɗauka, ki fara daga gida. Kowace unguwa yanzu akwai hajiya mai sayar da atamfa da leshi ko turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, saƙonni sun yi mata yawa, ba ta san wa ya biya wa bai biya ba. Akwai mai makarantar kuɗi da ke neman mai shirya masa sakamakon jarrabawa, akwai mai shagon magani da lissafinsa ke cikin tsohon littafi. Ki je ki ce za ki tsara musu na wata ɗaya a kan ɗan abin da ya sauƙaƙa. A nan za ki yi kurakuranki na farko a gaban wanda zai yafe miki, a nan za ki sami samfurin aiki da shaidar da za ki nuna wa na waje. Ga shi kuma Hausarki tana da amfani a nan, abin da 'yar Filifin ba ta da shi. Wadda ta ƙware da na gida, ta zaɓi fanni ɗaya ta zurfafa a ciki, ko lissafin kuɗi ko kula da masu ciniki, domin mai cewa na iya komai ba a cika yarda da ita ba.

Na biyar, ki shirya hanyar karɓar kuɗi tun kafin su zo. Ki tabbata sunanki iri ɗaya ne a katin NIN da BVN da asusun banki, domin bambancin harafi ɗaya yana iya tsare kuɗinki. Ana karɓar ladan waje ta kamfanoni irin su Payoneer, ko ta asusun Dala a banki. Asusun ya zama da sunanki, ba na ƙane ko na maƙwabci ba. Ki kuma riƙa rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita. Dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta yafe Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, abin da ya haura kuwa akwai haraji a kansa, ko daga waje aka turo shi.

Na ƙarshe, amana. Mai aiki zai ba ki mabuɗin wasiƙunsa, ki ga sirrin cinikinsa da lambobin mutanensa. Abin da kika gani ya tsaya a wurinki, ko aminiyarki kada ta ji. Idan kin ce Laraba, ya zama Laraba. Idan kin ga ba za ki gama ba, ki faɗa tun da wuri. Yawancin aiki na biyu daga bakin mai aiki na farko yake fitowa.

GARE KI UWARGIDA

Mu matan Hausawa sana'a daga cikin gida ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun yi kaɗi da saƙa, uwayenmu sun yi ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, ba tare da sun taka kasuwa ba. Sai dai waccan sana'a tana da ƙafa, ƙafar kuwa ita ce 'yar talla. Yarinya nawa aka hana zuwa makaranta saboda farantin uwarta? Wannan sabon aiki babban alherinsa shi ne ba ya bukatar a ɗora wa yarinya faranti.

Amma ki zauna da maigida ku yi magana tun kafin ki fara. Ki nuna masa mene ne aikin, da wa za ki riƙa magana, da ƙarfe nawa, kuma wani lokaci za a bukaci ganawa ta bidiyo. Abin da aka yi a fili ba ya haifar da zargi. Idan kuna da abokiyar zama, ki duba ranakun girkinki kafin ki ɗauki alkawari. Ki ware sa'o'in aiki da ɗan wurin da yara ba za su dame ki ba, domin goyo da lissafin mutane ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya. Ku kuma mazajenmu da ke leƙa wannan fili a ɓoye, mun san kuna yi, ku taimaka da wuta da data da haƙuri. Abin da ta samu rufin asirin gidan ne.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ƙannena, ku saurara da kyau. Upwork ba ya karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma wadda ta yi ƙaryar shekaru za a rufe asusunta lokacin da aka nemi katin shaida. Kada wata ta yaudare ki cewa karatu ɓata lokaci ne tun da ga Dala a waya. Darasin Turancin nan da kike gudu, da rubutun wasiƙa da ake ba ku a jarrabawar WAEC da NECO, da lissafin kashi cikin ɗari, su ne ainihin kayan wannan aiki. Idan makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, ki zama ta farkon shiga, ta ƙarshen fita. Lokacin hutu ki karɓi littafin cinikin mahaifiyarki ki tsara mata shi. Idan wani baƙo ya turo miki saƙo yana cewa zai ba ki aiki, musamman in ya nemi hotonki, ki nuna wa mahaifiyarki ko malamarki nan take, kada ki amsa.

'Yan'uwa, ƙofa ce ta buɗe wadda uwayenmu ba su samu ba, amma ba kowa ce za ta shiga ba, kuma ba laifi ba ne idan kin auna kin ga ɗinkinki ko kiwonki ya fi miki. Wadda ta ga za ta iya, ta ba kanta wata shida na koyo da gwaji kafin ta sa ran wani abin kirki, kada kuma ta sayar da ɗan kunnenta ko ta ci bashi saboda alkawarin wanda ba ta taɓa gani ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta taɓa gwada wannan aiki, ko ta ci riba ko an cuce ta, ta rubuto mana ta hannun Edita domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Ba za mu buga sunan kowa ba sai da izininta. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin macuta. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.